Shari'ar Saniya da Lokacin Sukar Shaida

Daga cikin ƙararrakin da ke zuwa gaban alƙalan ƙasar Hausa, tun zamanin da ake shari'a a zaure har zuwa yau da ake yin ta a ɗakin kotu, kaɗan ne ke gwada ilmin alƙali da haƙurinsa kamar jayayya a kan mallakar saniya. Gona tana nan inda take, maƙwabta sun san iyakarta, dattawan gari sun san wanda ya sare dajinta. Amma saniya dukiya ce mai ƙafa, wadda za a kora daga ruga cikin dare, ta bayyana ran Alhamis a karar Maigatari, mako na zagayowa a gan ta ran Juma'a a Wudil, alhali kuwa ta riga ta ratsa hannu uku ko huɗu, kowane mai hannu kuma a shirye yake ya rantse da kuɗinsa ya saya. Sa'an nan ga wata wahala wadda mutumin birni bai cika lura da ita ba, watau garken da ke bin makiyayi guda ba lalle ne duka nasa ba. A ciki akwai ta sadakin matarsa, akwai wadda aka ba ɗansa ran suna, akwai na attajirin gari da ya ba shi kiwo, akwai kuma ta aron nan na Fulani, habbanaye, wadda ake ba ɗan'uwa ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki 'ya'ya ya mayar da uwa. Saboda haka ganin saniya a hannun mutum alama ce ta mallaka wadda shaidu ke iya rushewa. Shaidu kuwa mutane ne masu dangi da abokan gaba da bukatu, don haka su ma ake iya sukarsu. Mas'alar da ta fi jawo kuka bayan hukunci ita ce ta lokacin wannan suka: yaushe ƙofarta ke buɗe, yaushe ake rufe ta, kuma a wuyan wa alhaki yake in an rufe ta alhali mutum yana riƙe da magana a bakinsa.

Mu ƙaddara wani makiyayi da aka sace wa karsana bara ya gan ta bana ɗaure a turken wani manomi, manomin kuwa ya ce a kara ya saye ta, ta hannun dillali, ya biya la'ada. Irin wannan ƙara ita fuƙaha'un mazhabar Malik ke kira istihƙaƙi, kuma sun shimfiɗa mata hanya daki-daki. Makiyayi shi ne mai da'awa, tunda abin yana hannun waninsa, don haka bayyina, watau kawo shaidu, a kansa take. Bai isa shaidunsa su ce sun san yana da farar saniya ba, gama fararen shanu irin na Bunaji sun cika ƙasar nan. Sai an kawo saniyar kanta, an ɗaure ta gindin itace a bakin kotu, alƙali ko wakilansa su fito, kowane shaida ya tsaya a gabanta ya nuna ta da hannu ya ce ita ce, ya ambaci tsagar kunnenta, da tabon lalas da ke cinyarta, da yadda ƙahonta na hagu ya karkata, kana ya ƙara da cewa a iya saninsa ba ta fita daga mulkin mai ita ba, ba ta hanyar ciniki ba, ba ta hanyar kyauta ba. Da yake magana ce ta dukiya, shari'a ta sauƙaƙa adadi: maza biyu adalai, ko namiji guda da mata biyu, ko shaida guda tare da rantsuwar mai da'awa. Bayan wannan duka, tunda shaidu iyakar saninsu suka faɗa, kuma mai yiwuwa ne mutum ya sayar da dabbarsa a ɓoye, sai a ɗora wa mai da'awar rantsuwar istihƙaƙi cewa bai sayar ba, bai bayar ba. Wannan rantsuwa ana neman ta a dabba da kaya, ba a neman ta a gida da gona.

In shi ma manomin ya kawo nasa shaidu, sai a koma ga rinjayarwa. Shaihu Halil a Muhtasar ya nuna cewa bayyinar da ta faɗi sababin mallaka, kamar a ce a garkensa aka haife ta muna gani, ta rinjayi wadda ta tsaya ga cewa tasa ce kurum. Ya kuma nuna cewa ana rinjayarwa da ƙarin adalcin shaidu, ba da yawansu ba, har ma mutum biyu da aka san su da tsantseni su kayar da goma. In bayyinoni suka yi kunnen doki, sai a bar dabba ga wanda take hannunsa tare da rantsuwarsa. Wanda ya fahimci wannan zai ga dalilin da ya sa duk shari'ar ke rataye a kan halin shaidu, kuma zai ga cewa sukar shaida guda, in ta tabbata, tana iya juya hukunci baki ɗaya.

Abubuwan da ake sukar shaida da su sanannu ne ga duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid. Uba ba ya shaida domin ɗansa, ɗa ba ya yi domin ubansa, haka miji da mata. Maƙiyi ba ya shaida a kan maƙiyinsa, muddin ƙiyayyar ta duniya ce. Wanda zai jawo wa kansa amfani ko ya ture wa kansa cuta da shaidarsa, ba a karɓa. Wannan na ƙarshe shi ya fi aukuwa a shari'ar shanu. Wanda ya sayar wa manomi da karsanar ba zai zama shaidarsa ba, domin in aka karɓe ta kansa za a komo neman kuɗi. Haka yaron kiwon da ta ɓace a hannunsa, in ana tuhumarsa da sakaci, yana da tasa riba a gano ta. Ɗan'uwa yana iya yi wa ɗan'uwansa shaida in ya kasance mubarrizi, watau wanda ya yi fice a adalci. Shi mubarrizi kuwa ba a buɗe ƙofar sukarsa da kowane irin aibi, sai da ƙiyayya ko kusanci, amma matsakaicin shaida ana iya tajrihinsa, watau sukarsa, da duk abin da ke zubar da adala, kamar ƙarya da aka sani, ko shan giya, ko caca, ko cin rashawa, da sharaɗin mai sukar ya kawo masu tabbatar da ita.

To, ga inda lokaci ya shigo. Idan shaidu suka gama, kafin alƙali ya buɗe baki da hukunci, wajibi ne ya juyo ga wanda shaidar ta hau kansa ya yi masa i'izari. Zai ce masa, “Malam, ga wane da wane sun ba da shaida a kanka, ka ji abin da suka faɗa. Kana da suka a kansu? Kana da sauran hujja?” In ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ba ni da ita,” sai a rubuta, a sa mutum biyu su shaida an yi masa, a yanke hukunci. In ya ce yana da ita, sai a yanka masa ajali. Malamai sun samo asalin wannan daga Alƙur'ani, inda Allah ya bayyana cewa ba ya azabtar da mutane sai ya aiko musu da manzo, da kuma ƙissar Annabi Sulaiman wanda ya yi wa alhudahuda alkawarin horo amma ya bar masa ƙofar kawo hujja. Asalin ajali kuma yana cikin wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umurce shi ya sanya wa mai da'awar hujjar da ba ta kusa wa'adin da zai kawo ta, in ya kawo ya karɓi haƙƙinsa, in ya kasa hukunci ya hau kansa. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya tsara wannan babi a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna dogara da shi, tun kafin a buɗe makarantar horon alƙalai ta Kano a 1934. A wurinsa tsawon ajali yana komawa ga ijtihadin alƙali, amma ya ambaci abin da aiki ya gudana a kai a ƙarar da ba ta gida ko gona ba: kwana 8, sa'an nan 6, sa'an nan 4, sa'an nan 3 na jinkirin ƙarshe, jimla kwana 21. In wa'adi ya cika bai zo da komai ba, alƙali ya yi masa ta'ajizi, ya rubuta cewa ya gaza, daga nan kuma ba a sauraron wata hujja daga gare shi a wannan magana. Abubuwa biyar Halil ya keɓe waɗanda ta'ajizi ba ya rufe su: jini, da hubusi watau waƙafi, da 'yanta bawa, da nasaba, da saki, domin a cikinsu akwai haƙƙin Allah ko na waɗanda ba su halarta ba. Saniya ba ta cikin biyar ɗin.

Ni a ganina rufe ƙofar nan daidai ne, kuma wanda ya kira shi tsanani bai dubi halin abin da ake shari'a a kansa ba. Dabbar da aka tsayar saboda ƙara tana ci tana sha, tana ramewa a turken da ba ta saba da shi ba, tana iya ɗaukar ciki, tana iya mutuwa. Fuƙaha'u sun ce abin da aka kashe wajen ciyar da ita a lokacin tsayarwa yana kan wanda aka yanke wa ita, sun kuma ce nononta da aikinta na wanda ya saya bisa rashin sani ne har ranar hukunci, ɗan maraƙin da ta haifa kuwa yana bin uwarsa zuwa ga mai ita na asali. Kowane mako da aka ƙara, lissafin nan yana ƙara rikicewa, wani lokaci har kuɗin dusa da harawa da na motar zuwa kotu su kusa kai kuɗin saniyar. Bayan haka akwai mutuncin shaidu. Mutumin da ya baro garkensa ya zo ya faɗi abin da ya sani, in za a soke shi, adalci ne a soke shi yana tsaye, inda zai iya kare kansa, inda kuma mai ƙara zai iya kawo wani a madadinsa. Wanda ya san tun farko cewa shaidan nan shi ne ya sayar da saniyar, ko kuwa sun taɓa kai juna ƙara a kan burtali, amma ya haɗiye maganar yana jira ya ga inda hukunci zai faɗi, in ya faɗi gare shi ya yi shiru, in ya faɗi kansa ya fito da ita a kotun sama, wannan yana neman ya ci shari'a sau biyu ne da ƙara guda, kuma bai kamata a ba shi ba. Malamai sun lura da irin wannan dabara tun da daɗewa, har suka bambanta tsakanin abin da ke faruwa bayan an ba da shaida: in fasiƙanci ya bayyana ga shaida kafin hukunci, shaidarsa ta faɗi, domin hakan yana nuna abin da ke ɓoye tun da, amma in ƙiyayya ce ta auku daga baya, ba ta cutar da shaidar, don in ba haka ba kowane mai shari'a sai ya tare shaida a hanya ya tsokane shi da faɗa, ya komo ya ce ga maƙiyina. Makamancin rufe ƙofar nan ne hauzi, inda mai dabba da ke zaune yana ganin baƙo na amfani da ita shekara biyu ko uku, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Sai dai wannan bai shafi wanda aka sace wa bai san inda dabbarsa take ba.

Duk da haka ƙofar ba ta rufuwa ruf. In ta bayyana bayan hukunci cewa waɗanda aka dogara da su ba su cancanci shaida ba tun asali, kamar yara waɗanda ba su balaga ba, Halil ya ce a warware hukuncin. In kuwa shaida ne ya komo ya ce ƙarya ya yi, hukunci yana nan, amma shi zai biya abin da ya salwantar da bakinsa. Kotunan da suka gaji tsarin Ingila su ma suna da kwatankwacin wannan rabo: wanda bai ƙi takarda ba a lokacin da aka miƙa ta, ko bai yi wa shaida tambayoyi a kan abin da ya faɗa ba, galibi ana ɗauka ya yarda, kuma ba ya tayar da sabuwar magana a ɗaukaka ƙara sai da izini; amma abin da doka ta hana karɓarsa ɗungum, ana iya cire shi ko a sama. Wannan yana da muhimmanci a aikace, domin ko da yake Dokar Shaida ta 2011 ba ta hau kan ƙararrakin dukiya a kotunan yanki ba, sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da makamantansu, har ya zama shari'ar saniyar da ba ta gado ba ce kan bi ta Babbar Kotun Jiha. Can kuwa abin da ke cikin kundin shari'a kaɗai ake dubawa. Ba a ganin saniyar, ba a ganin fuskar shaida, sai layin da magatakarda ya rubuta.

A nan ne damuwata take, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hujjar rufe ƙofa duka ta ginu ne a kan cewa an buɗe ta da gaske. Kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda babu i'izari a kundi, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai ya haifar da wata al'ada, inda ake yin tambayar da sauri domin a cika layi, a rubuta “an yi masa i'izari, ya ce ba shi da magana,” alhali wanda aka tambaya bai san cewa a wannan daƙiƙa ce saniyarsa ke fita daga hannunsa ko take komowa ba. Dubi makiyayi da ya tashi a daji, Hausarsa ta kasuwa ce, bai taɓa jin kalmar tajrihi ba, an tsayar da shi gaban alƙali da 'yan sanda da taron jama'a. Tarbiyyarsa ta hana shi ya dubi dattijo a ido ya ce maƙaryaci ne, balle ya tona cewa akwai tsohuwar gaba tsakanin gidajensu. Aka ce masa, “Kana da suka?” Ya sunkuyar da kai, ya juya sandarsa, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, Allah ya sani.” Aka rubuta ba shi da suka. Haka kuma manomin ƙauye, wanda ke zaton in ya soki shaidan da ya zo tare da mai unguwa ya jawo wa kansa fitinar da ta fi saniya tsada. Shirun irin waɗannan bai zama ɗaya da shirun mai dabara ba, ko da yake a takarda kamanninsu guda. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu shari'a a hadisin Ummu Salama, wanda ke cikin Muwaɗɗa, cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda haka, wuta aka yanka masa. Gargaɗin yana kan mai cin haramun, amma alƙalin da ya san akwai wannan bambanci tsakanin mutane bai kamata ya yi kamar bai sani ba.

Za a ce alƙali ba ya laƙƙana wa mai shari'a hujja, kuma an hana shi ba da fatawa a kan abin da ke gabansa. Haka ne. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin a ce wa mutum “ka ce wane maƙiyinka ne,” da a bayyana masa haƙƙinsa. Malaman mazhaba kuwa sun halatta wa alƙali ya ƙarfafa wanda ya ga rauni ko tsoro ya kama shi, domin ya iya faɗin abin da ke ransa. I'izarin da ya cancanci a gina ta'ajizi a kansa shi ne wanda alƙali ya ambaci shaidu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko akwai dangantaka tsakaninsu da abokin shari'a, ko akwai gaba tsakaninsu da wanda ake tambaya, ko suna da rabo a cikin dabbar ko a kuɗinta. Ya faɗa a sarari cewa bayan yau ba za a sake jin wannan magana ba. Ya yi haka da harshen da mutumin ke mafarki da shi, ta bakin tafinta amintacce in Fulatanci ne ko Barbarci ko Buzanci. Kana magatakarda ya rubuta tambayoyin da amsoshinsu kamar yadda aka furta su. Wannan ba zai ci rabin sa'a ba, kuma yana tsare hukuncin alƙalin kansa daga rushewa. Inda kuma aka ji tsoron mai shari'a zai cutar da shaidu, kamar yadda yake a yankunan da satar shanu ta zama ta 'yan bindiga, fuƙaha'u sun yarda a ɓoye masa sunayensu, amma sai nauyin binciken halinsu ya koma kan alƙali, ya aiki amintaccensa ya yi tazkiyyar sirri, ya tsaya a matsayin mai sukar da aka hana wa suka.

Saura maganar tsawon ajali, wadda ita ma ba a yi mata adalci sai an dubi ƙasa da lokaci. Kwana 21 na Ibn Asim an auna su ne da birni, inda shaidu ke unguwa ɗaya da alƙali. Makiyayin da zai tabbatar da cewa akwai gaba tsakaninsa da shaida, mutanen da suka san gabar mai yiwuwa da rani sun gangara kudu da shanu, ba za su komo ba sai ruwa ya sauka. Manomin da zai nemo wanda ya sayar masa kuwa sai ya jira ranar kasuwa, ya sami dillali, dillali ya nemo fatoman baƙon, wataƙila baƙon ma daga hayin iyaka ya zo, ta Illela ko Mai'aduwa. Tunda an bar ajali ga ijtihadi, ya kamata a ƙirga shi da ranakun kasuwa da tafiyar garke. Tsawaita shi kuma ba ya tilasta a bar dabba tana lalacewa a bakin kotu, gama magabata sun riga sun samar da mafita: wanda aka karɓe dabba daga hannunsa yana da ikon ya ajiye ƙimarta a wurin amintacce, a sa mata hatimi a wuya, ya tafi da ita garin wanda ya sayar masa domin shaidun can su gan ta ido da ido, ya karɓo kuɗinsa, shi ma mai sayarwar ya bi wanda ya sayar masa, har a kai ga hannun farko. In ya komo da ita lafiya cikin wa'adi ya ɗauki abin da ya ajiye, in ta mutu ko ta naƙasa a hanya, ƙimar ta zama ta mai saniya.